Gaba da Gabanta: Abin da Na Koya a Gidan Gem

 Sa'ad da Malam mai kula da sashen Hausa ya ce kowa ya rubuto wani abu da ya taɓa faruwa gare shi, sai da na kwana uku ina jujjuya maganar a zuciyata, domin labarin da nake da shi akwai abin kunya a cikinsa. Amma tun da Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ga gara in faɗe shi da bakina, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Duk wanda ke kwana a ɗakinmu ya san gardamar da kan hana mu barci bayan an kashe fitila, watau gardamar wasannin faɗa na bidiyo. Saboda iyayenmu da ba su taɓa leƙa gidan gem ba, bari in yi ɗan bayani. Mutum biyu ne za su zauna gaban talabijin, kowa riƙe da abin sarrafawa, wanda mukan kira hannu. Kowa ya zaɓi gwarzonsa, a saman allo kuma ga layi biyu masu nuna sauran ran kowane gwarzo. Duk dukan da ya shiga sai layin ya ragu, wanda nasa ya riga ƙarewa an kashe shi ke nan. Galibi wanda ya ci turmi biyu cikin uku shi ke da nasara, kusan yadda ake turmi uku a dambenmu na gargajiya.

To, a ɗakinmu mun kasu gida uku. Akwai 'yan Mortal Kombat, su suka fi yawa, sun kuma fi kowa baki. Akwai 'yan Tekken, masu cewa nasu ya fi zurfi, domin gwarzo ɗaya yakan mallaki salon duka fiye da 100. Sai 'yan Street Fighter, su biyu tak, waɗanda ake yi wa ba'a wai wasan tsofaffi suke yi. Kowane ɓangare na cewa nasa ne wasan gwanaye, na sauran kuwa ko yaron goye ya daddanna sai ya ci. Ni dai a da ina sahun gaba cikin 'yan Mortal Kombat, ba ni kuwa da wata hujja illa cewa ni ne gwanin unguwarmu a cikinsa.

Waɗannan wasanni duk sun girme mu. Kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fito da Street Fighter II a 1991, da gwaraza 8 da mutum zai zaɓa, kuma shi ne ya shimfiɗa tabarmar da sauran suka zauna a kai. A 1992 kamfanin Midway na birnin Shikago a Amurka ya fito da Mortal Kombat, inda aka ɗauki hotunan mutane na gaske aka sa a ciki, aka kuma cika shi da jini. Abin ya tayar da hankalin iyaye a can, har 'yan majalisar dattawan Amurka suka zauna a kansa a 1993, sa'an nan a 1994 aka kafa hukumar da ke rubuta wa kowane wasa shekarun da ya kamata mutum ya kai kafin ya yi shi. A wannan shekara ta 1994 kuma kamfanin Namco na Japan ya fito da Tekken. Ya kamata iyayenmu su sani cewa Mortal Kombat irin wanda ke gidajen gem ɗinmu an rubuta masa shekara 17 zuwa sama. Ni ban kai ba lokacin da na fara, ba wanda kuwa ya taɓa tambayata.

Yanzu ga labarina. A dogon hutun da ya wuce, Baba ya ƙirgo kuɗi ya ba ni, ya ce in je kantin littattafai in sayo littafin lissafi na ajin da za mu shiga. Na ninke su na sa a aljihun wando, na ce gobe ma rana ce. A kan hanyar kantin kuwa akwai gidan gem ɗin unguwarmu, wani ɗan shago mai benci uku da talabijin huɗu da janareta a bayansa. Dokar gidan ita ce wanda aka ci shi ke biya. Da yake ba mai ci na, na yi kusan wata guda ina wasa daga hantsi zuwa la'asar ban fitar da ko kwabo ba.

Gwarzona Scorpion ne, mai jefa mashi da igiya ya fizgo abokin gaba. Na haddace masa wani dogon jerin duka, abin da muke kira kwambo, watau duka a bayan duka ba tare da wancan ya sami damar motsawa ba. Na rubuta shi a bayan littafina na labarin ƙasa, na yi ta bitarsa har yatsuna suka iya shi ko idona a rufe. In ya shiga sau ɗaya, fiye da sulusin ran mutum ya tafi. Yara sukan taru a bayana suna sowa, ni kuwa ina hura hanci, ina ganin duk duniya ba wanda ya san wasan nan kamata. Ashe kifin rijiya ne ni.

Akwai wani yaron tela a layinmu, ya girme ni da kamar shekara uku. In an ɗauke wuta, keken shagonsu ya tsaya, sai ya shigo gidan gem da tef ɗin awo a wuya da ɓurɓushin zare a riga, ya sami ƙarshen benci ya zauna. Kwana uku yana zuwa, bai taɓa hannu ba, bai ce uffan ba, ido kawai ya zuba. A rana ta huɗu ya matso ya ce, "Ɗan makaranta, ko za ka ba ni turmi ɗaya?"

Na dube shi sama da ƙasa, na ce, "In kana da kuɗin biya, bismilla."

Ya zaɓi Sub-Zero, mai jefa ƙanƙara. Aka fara, sai na ga mutumin nan ya tsugunna ya danne maɓallin kariya, ya ƙi matsowa. Scorpion yana da wata dabara ta ɓacewa ya ɓullo ta bayan mutum da naushi, da ita nake razana yara. Na yi ta, ya tare. Ashe in aka tare ta, Scorpion yakan birkice a iska na ɗan lokaci ba ya iya kare kansa. Ni ban taɓa lura ba, domin ba wanda ya taɓa tare mini ita. Nan take ya zuba mini duka huɗu ya koma ya tsugunna. Na yi tsalle, ya tarye ni da naushi daga ƙasa. Na sake ɓacewa, ya sake tarewa. Dogon jerin nan nawa kuwa ko sau ɗaya bai buɗe ba, domin sai dukan farko ya shiga sauran ke biyowa, shi kuwa ya hana na farkon shiga. Na zama kamar mai rumbu cike da hatsi amma ba ƙofa. Sau biyar muka yi, sau biyar na miƙa wa mai gida kuɗi, daga cikin kuɗin littafi.

Yara suka yi tsit. Zuciya ta ɗebe ni, na ce ai Mortal Kombat wasan sa'a ne, in namiji ne mu koma Tekken. Ku lura fa, ni ne ɗazu nake cewa shi ne wasan gwanaye. Na zaɓi Hwoarang, ɗan Koriya mai yawan shuri, wanda na san masa salo kusan 30. Shi ya zaɓi Paul. A Tekken maɓalli huɗu ne na duka, kowane hannu da kowace ƙafa da nasu, kuma duka iri uku ne: na sama, na tsakiya da na ƙasa. Na sama ana iya duƙa masa ya wuce ta bisa kai. Shurin Hwoarang kuwa da yawansu na sama ne. Sai ya bari na fara jero su, ya duƙa, ƙafata ta wuce a iska, ya miƙe da duka ya ɗaga ni sama. In na tunkare shi kai tsaye, sai ya goce gefe, domin a Tekken fili yana da faɗi ba tsawo kaɗai ba, in tsinci gwarzona yana shurin iska. Ban ga ya yi amfani da salon da ya wuce shida ba, amma ko turmi ɗaya ban ci ba.

Kashegari na ce sai Street Fighter, duk da ba'ar da nake yi masa. Muka zaɓi Ryu mu duka biyu, don kada wani ya ce gwarzon wani ya fi. Ya tsaya daga nesa yana jefo curin wutar nan da ake kira Hadoken. Na gaji da tarewa na yi tsalle in haye ta, ya tarye ni da naushin tashi sama, Shoryuken. Na sake, ya sake. Da na daina tsalle na tsaya ina karewa, sai ya tako a hankali ya kama ni ya maka da ƙasa, domin kariya ba ta hana kamu. Da na ce bari in kai masa duka, sai ya ja da baya rabin taku, ƙafata ta gaza isa, tasa ta iso. Gwarzo ɗaya, maɓalli ɗaya, amma sai ka ce shi ke riƙe da hannuna.

Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na raya a zuciyata cewa ƙarancin hadda ne ya kashe ni. Don haka na riƙa biyan hayar na'ura ni kaɗai bayan magariba, ina haddace sababbin jeri masu tsawo, da safe in je in sake shan kashi in biya. Ran nan har na zaro abin da ya rage na ajiye a benci na ce mu yi a kansu. Ya girgiza kai ya ce, "Ni ba na caca. Mai da kuɗinka aljihu." Na mayar, amma kafin mako ya zagayo, su ma sun bi 'yan'uwansu. Na laluba aljihu, ba littafi, ba kuɗi. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Da girman kai ya ƙare tare da kuɗin, sai na tafi shagonsu. Na tarar da shi yana guga. Na gai da maigidansa, sa'an nan na rage murya na ce, "Yaya, don Allah wane sirri kake da shi?"

Ya yi murmushi ya ajiye dutsen guga. Ya ce, "Ba ni da sirri, ƙanena. Kwana uku na yi ina kallonka. Duk sa'ad da ranka ya ragu, sai ka ɓace ka ɓullo ta baya. In an kayar da kai, da duka kake tashi. In ka ja da baya taku biyu, to tsalle za ka yi. Kai da na'ura kake wasa, ni kuwa da kai nake wasa."

Na ce to yaya yake ganin duka yana tarewa da sauri haka? Ya ce shi ba ya gani, ba kuma mai iya gani. Ya bayyana mini cewa waɗannan wasanni suna nuna hoto 60 a cikin sakan ɗaya, kuma da waɗannan hotuna ake auna saurin kowane duka. Ƙaramin naushin Tekken yana isa cikin hoto 10, watau kashi ɗaya cikin shida na sakan. Ɗan Adam kuwa, kafin idonsa ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, yatsa ya danna, yakan ci kusan rubu'in sakan, watau wajen hoto 15. Ashe naushin ya riga ya shiga kafin ka motsa. Saboda haka dole ka san abin da mutum zai yi tun kafin ya yi. Ya ƙara da cewa kowane duka bashi ne. In ka kai shi aka tare, akwai ɗan lokacin da gwarzonka zai ɗauka kafin ya dawo daidai. Ƙaramin duka bashinsa kaɗan ne, babba kuwa bashinsa na da nauyi, kuma gwani ba ya yafe bashi. Ya ɗaga almakashi ya ce, "Mu a nan awo muke yi kafin yanka. Kai kullum yanka kake yi kafin awo."

Daga wannan rana na fahimci cewa abu biyu muke cakuɗawa a gardamarmu ta ɗaki, watau wahala da zurfi. Wahala ita ce abin da yatsa ke sha kafin ya iya fitar da wani salo. Tana da iyaka, domin in ka yi ta bita, wata rana za ka iya, shi ke nan ta ƙare. Zurfi kuwa shi ne abin da ya rage bayan mutum biyu duk sun iya dannawa: wa zai fara, wa zai jira, wa zai yaudari wani, wa zai sake shawara in an gano shi. Da wannan ma'auni na koma na sake duban wasannin nan uku, ga kuma abin da na gani.

Street Fighter zurfinsa na cikin tazara. Maɓallansa shida ne, naushi uku da shuri uku, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, kuma ja da baya shi ne kariya. Wannan na nufin duk sa'ad da ka taka gaba, ka ajiye garkuwarka. Salon kowane gwarzo ba su da yawa, cikin mako guda za ka san na Ryu duka. Amma sanin inda za ka tsaya, daidai inda ƙafarka za ta isa tasa ta gaza, wannan aikin shekaru ne. Duka yana karya kamu, kamu yana karya kariya, kariya kuma tana karya duka, haka abin ke zagayawa, ba wanda ya fi wani sai dai wanda aka yi a kan kari. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan dambe biyu suna zagaye juna, hannun garkuwa a miƙe yana auna tazara, wancan mai naɗi yana jira a baya, ya san abin da nake nufi.

Tekken kuwa nauyinsa na cikin sani da tafiyar ƙafa. Gaskiya ne yana da salo da yawa, amma ba wai sai ka yi amfani da su duka ba. Abin da ke wuyar shi ne sanin na abokin gaba: wanne ake duƙa wa, wanne ake goce wa dama, wanne hagu, wanne ke da bashi in an tare. Da yake gwarazan sun haura 30, kowanne da tarin nasa, sai ka ga karatun ba ya ƙarewa. A nan 'yan Tekken suna da gaskiya, wasansu ya fi sauran faɗi. Inda suka kuskure shi ne zaton cewa yawan salo shi ne zurfi. Kamfanin Sega ya fito da Virtua Fighter a 1993 da maɓalli uku kacal, naushi da shuri da kariya, amma har yau masana na lissafa shi cikin wasannin da suka fi wuyar ƙwarewa.

Mortal Kombat shi ya fi sauƙin shiga. Jerin dukansa a shirye suke, ka danna su bi da bi kamar lambar waya, su fito. Shi ya sa yaro kan yi saurin jin ya zama gwani, kamar yadda na ji. Amma ba daidai ba ne a ce ba shi da zurfi. Da yake kariyarsa maɓalli ce, ba ka iya tafiya kana karewa, dole ka zaɓi ɗaya. In an matso maka kuma, dole ka yanke shawara cikin ƙiftawar ido, a tsaye za ka kare ko a tsugunne, domin akwai dukan da ke karya kowanne. Abin da ya ruɗe mu shi ne jinin nan da kisan ƙarshe da ake kira Fatality. Wannan kuwa ado ne kawai, ana yin sa bayan an riga an ci wasa, ba ya ƙara wa mutum ko turmi ɗaya.

Yayan nan nawa ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa wanda ba zan manta ba. A 2004 aka yi shi, a babbar gasar nan da ake kira Evo, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Daigo Umehara na Japan yana riƙe da Ken, Justin Wong na Amurka yana riƙe da Chun-Li, a wasan Street Fighter III: 3rd Strike. Ran Daigo saura ƙiris, har ya kai ko tare babban duka ya yi zai mutu, domin irin wannan duka yakan ɗan rage rai ko an kare. Justin ya saki babban salon Chun-Li mai shuri 15. Hanya ɗaya ta rage, ita ce kakkaɓewa, watau ka tura gaba daidai lokacin da kowane duka zai sauka, ba kariya ko kaɗan. Daigo ya kakkaɓe duka goma sha biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ma a iska, ya juya ya kashe Justin. Ni na ce, "Kai, wannan yatsu!" Shi kuwa ya mayar da bidiyon baya ya ce in duba kafin shurin ya fara. Sai na ga Daigo yana takawa gaba da baya, yana daidaita tazara, yana jira. Shurin farko ya fi ƙarfin ido, don haka sai wanda ya riga ya san yana tafe. Yatsun sun yi aikinsu, amma kai ne ya riga su. Duk da haka ba Daigo ya ɗauki kofin wasan a shekarar ba, wani ɗan ƙasarsu ya doke shi a karon ƙarshe. Gaba da gabanta.

Haka kuma a Tekken, an daɗe ana ganin Koriya ta Kudu da Japan su ke da abin. Sai ga wani saurayi daga birnin Lahore na Pakistan, Arslan Ash, wanda ya koyi wasan a shagunan gem na garinsu. A 2019 ya je Japan ya ci gasar Evo ta can, sa'an nan a cikin shekarar ya je Las Vegas ya doke shahararren gwanin Koriya da ake kira Knee a karon ƙarshe. Wannan labari ya faranta mini rai, domin ya nuna gwaninta ba gadon wata ƙasa ba ce. Akwai kuma wani Ba'amurke da aka sani da BrolyLegs, wanda aka haifa da lalurar da ta hana shi amfani da hannuwansa yadda ya kamata. Da kumatu da harshe yake danna maɓalli, amma ya yi suna da Chun-Li, har ya koyar da wasu, kafin rasuwarsa a 2024. Bugu da ƙari, a Street Fighter 6 da ya fito a 2023, an kawo tsarin da maɓalli ɗaya zai fitar da Hadoken, sai dai an rage wa dukan ƙarfi da kashi 20 cikin 100. An sauƙaƙa wa yatsa, amma sabon shiga bai fara cin gwani ba. Da a yatsa zurfin yake, da ya tafi tare da wahalar.

Saura maganar Baba. Ana saura mako biyu a koma makaranta ya ce in kawo littafin ya gani. Na so in yi ƙarya, amma bakina ya ƙi. Na durƙusa na faɗa masa kome. Ya daɗe bai yi magana ba, wannan shirun kuwa ya fi mini bulala zafi. Can ya ce in bayyana masa yadda aka yi yaro mai salo shida ya ci mai salo talatin. Da na gama, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai wannan dara ce. Gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, dokarta kafin ka shanye kofin shayi ka iya. Amma ni tun kafin a haife ka nake yin ta, har gobe akwai dattijon da ban taɓa ci ba." Sa'an nan ya ɗaure fuska ya ce, "Abin da ban gane ba shi ne, wanda ya san awo kafin yanka, yaya ya kasa auna kuɗin da ba nasa ba?"

Bai ƙara mini ko sisi ba. Sauran hutun a shagonsa na yi shi, ina sauke kaya ina shara, yana rubuta ladan kowace rana a takarda. Ladan bai cika ba sai da muka yi mako uku da komawa. A waɗannan makonni aron littafi nake yi in kwafa da dare, kuma waɗanda ke ajinmu sun san makin da na ci a gwajin farko na lissafi, ba sai na tona kaina sau biyu ba. Ya kuma hana ni Mortal Kombat sai shekaruna sun kai, sauran kuwa ran Asabar kaɗai, da kuɗin gumina.

Saboda haka, 'yan ɗakinmu, ga hukuncina, kowa ya ji da kyau. Tekken ya fi faɗi, Mortal Kombat ya fi sauƙin shiga, amma a ganina Street Fighter ya fi saurin tona asirin wanda bai iya ba, domin ba shi da wurin ɓuya. Ina neman gafarar 'yan'uwan nan biyu da muka daɗe muna yi wa dariya. Wanda duk ke son ya san zurfin wasansa, kada ya ƙirga salon da ke ciki. Ya nemi wanda ya fi shi, ya zauna a ci shi sau goma, ya kuma tambayi kansa dalili kowane karo. Sai dai ya tabbata kuɗin da zai biya nasa ne.

Ana gobe za mu dawo makaranta na je sallama, muka yi wasa ɗaya da yayan nan nawa a Street Fighter. Na ja da baya taku biyu kamar yadda na saba. Ya saki Shoryuken yana jiran tsallena, ni kuwa ina tsaye a ƙasa ban motsa ba. Ya sauko na karɓi bashina. Turmi ɗaya na ci, shi ya ci biyu, na biya mai gida da kuɗin da Baba ya yarda in taɓa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yau ka fara wasa."



Daga wani ɗalibin aji biyar.